Yarinyar da Ba a Taɓawa

Mai Aski mutum ne da bakinsa ba ya hutawa, hannunsa ma haka. In ka zauna a kujerarsa ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, to ka shirya jin labarin duniya kaf: tsadar fetur, ƙwallon jiya, ciwon bayan surukarsa, da kuma Auta. Ko da me aka fara hirar, a kan Auta ake ƙarewa. Ita ce ƙarama a cikin 'ya'yansa, ita kaɗai ce mace, kuma sunan Auta ya bi ta har makaranta, ya danne na yanka. Tana aji huɗu a firamaren da ke bayan tashar mota.

Ga shi da magana da hannu. Duk abin da ke hannun nan, ko mataji ne ko buroshi ko almakashi, da shi yake nuna gabas da yamma in labari ya yi daɗi. Tsofaffin abokan cinikinsa sun saba, sukan sunkuyar da kai su jira ya kai aya. Akwai wani direba da kullum yake ce masa, “Malam, labarin na da daɗi, amma ka bar mini kunnena, da shi zan ji ƙarshensa.” Sai Mai Aski ya ƙyalƙyale da dariya ya nemi gafara, ya ci gaba da kaɗa hannun. Gajere ne, siriri, mai tsoron kare da allura. Ko kaza aka ce ya yanka a gida, sai ya tuna yana da wani uzuri a shago.

Babu abin da yake alfahari da shi kamar makarantar Auta. “Mutanen nan sun san darajar iyaye,” in ji shi. “Ina doso ƙofa maigadi zai miƙe tsaye. In taron iyaye ne, kujerar gaba ake ba ni, ni da ko rigar kirki ban sa ba. Shekara uku ke nan ba a taɓa kawo mini ƙararta ba. Yadda ta fita fes da safe, haka take dawowa, ko maɓalli bai tsinke ba. Kuma tana shigowa gida, kafin ta gaishe da kowa, sai ta tsaya a famfo ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Wannan ai tarbiyya ce.”

Matarsa ba ta cika sa baki a wannan yabon ba. Sau ɗaya dai ta ce masa, tana ninke kayan makarantar, “Ni yaron da ba ya datti tsoro yake ba ni. Yayyenta a shekarunta riga biyu suke kashewa a zango. Kuma ka taɓa ganin wata ƙawa ta biyo ta gidan nan?” Ya ce ai 'yarsa ba ta kwashe-kwashen ƙawaye, ta gado shi wajen aji. Matar ta dube shi sama da ƙasa ta ce Allah ya kyauta, maganar ta wuce.

Ranar da abin ya faru, Auta ta manta kular abincinta a kan tabarma. Uwar ta biyo da ita shago a kan hanyarta ta zuwa aiki, ta ajiye masa kusa da madubi. Kasuwa ba ta buɗe ba, kujera a wofi tun safe, don haka ya ja ƙofar shagon ya kama hanya, yana murna zai ba 'yarsa mamaki. Bai taɓa zuwa makarantar ana tsakiyar hutun tara ba. Ko dai da sassafe ne, ko ranar taro.

Maigadi ba ya bakin ƙofa, ya zaga baya. Mai Aski ya tura ƙaramar ƙofar ya shiga, ya tsaya a inuwar tankin ruwa yana neman ta da ido. Fili ya cika da ihu. Yara na guje-guje, suna ture juna, suna hawa bayan juna, wasu biyu na kokawa a kan murfin kwalba. Can ya hango ta wajen 'yan mata masu tsallen igiya, tana riƙe da bakin igiyar ɗaya tana juyawa. Ransa ya yi fari. Ya ce a zuciyarsa, ga ƙawaye nan rututu, bari in koma in ba uwarta labari.

Sai wata doguwar yarinya ta yi tsalle ta diro a kan igiyar da ƙafa biyu. Igiyar ta fizgi Auta, ta tafi gaba ta kifa a gefen simintin baranda. Har inda yake tsaye ya ji ƙarar.

Yaran suka rugo kanta gaba ɗaya, kamar yadda yara ke yi. Amma da suka zo kamar taku biyu da ita, sai suka ci birki. Suka yi mata zobe. Yana kallo da idonsa, ɗaya bayan ɗaya suka mayar da hannayensu baya suka riƙe. Wani yaro mai ƙaton kai ya buɗe murya ya ce, “Kada wanda ya taɓa ta! A kira Malama!”

Auta na kwance a tsakiya, jini na zuba daga haɓarta yana ɗiga a kan farin kwalar rigarta. Ba ta miƙa wa kowa hannu ba. Ba ta ma dubi kowa ba.

Malamar ajinsu ta fito da gudu, matashiya ce, mayafinta na jan ƙasa. Mai Aski ya saki numfashi, ya ce to ga babba ta zo. Malamar ta ratsa yaran, ta durƙusa, ita ma taku guda tsakaninta da yarinyar. Ta zaro hankici daga jakarta, ta riƙe shi da bakin yatsu biyu ta miƙa. “Sannu Auta. Daure ki tashi. Yawwa, dafa ƙasa. Daure, 'yar kirki.” Idonta ya kawo ruwa, amma hannunta bai ƙara gaba ba.

Auta kuwa ta dafa ƙasa ta tashi da kanta, gwiwa a ɗaye. Ta karɓi hankicin ta ɗaya gefen, a hankali, yadda yatsunta ba za su gogi na Malama ba. Wannan karɓar ce ta fi komai kashe masa jiki, don ya ga hannun ya saba. Ba yau aka fara ba.

Kular ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi, murfin ya yi nasa wuri. “Auta!”

Kawuna suka juyo. Wata yarinya ta ƙwalla ƙara ta ce, “Ga shi nan! Babanta!” Kafin ya yi taku uku fili ya watse. Wasu suka faɗa aji suka turo ƙofa, wasu suka yi bayan banɗaki, wani ɗan ƙarami ya rasa inda zai nufa, ya tsuguna a inda yake ya rufe kunnuwansa da tafin hannu yana kuka. Takalma da robobin ruwa suka rage a warwatse. Mai Aski ya waiwaya bayansa don ya ga abin da suke gudu, ko kare ne ya shigo. Babu kowa a bayansa sai tanki.

Ya sunkuya ya ɗauki 'yarsa. Malamar ta ja da baya har ta dafa bango, tana faɗin, “Wallahi Baban Auta babu wanda ya taɓa ta. Igiya ce. Kowa ya gani, igiya ce.”

A ofishin Hedimasta shi ya wanke ciwon da kansa, don an ajiye masa akwatin magani a bakin tebur an koma gefe. Ya goge haɓar da auduga, ya duba, ya ga ba ta kai ga ɗinki ba. Ya jawo filasta, ya laluba akwatin bai ga abin yankawa ba, sai ya zaro almakashinsa daga aljihun gaba. Kujerar Hedimasta ta yi ƙara, mutumin ya miƙe tsaye. Maigadi, wanda ya dawo yana haki, ya matso bakin ƙofa da sandarsa. Mai Aski bai kula ba, hankalinsa na kan gwiwar. Da ya gama ya ce wa Auta ta je baranda ta zauna ta jira shi.

Sannan ya juyo, kuma a lokacin ne fushin ya iso. Shi a tunaninsa ya gano bakin zaren. Auta na da tabon ƙuna daga kafaɗa zuwa tsakiyar baya, tun tana aji ɗaya, ranar da tukunyar ruwan zafi ta kife a kicin. Ya warke tuntuni, fata ce kawai ta yi sheƙi ta tattare. Kullum da safe shi yake shafa mata mai a wurin kafin ta sa riga.

“Ƙyamarta kuke yi,” ya ce. “Saboda tabo. Tabon ƙuna ne, Hedimasta, ba a ɗauka! Ku da kuka yi karatu? Yarinya ta faɗi tana jini, ku kewaye ta kuna kallo kamar mushe?”

Hedimasta, babban mutum mai furfura a gemu, ya ɗaga tafukansa biyu. “Yallaɓai, a yi haƙuri, a zauna. Ina tabbatar maka, tun daga ranar nan har yau, babu malami ko ɗalibi da ya sa mata hannu. Mun kiyaye.”

“Abin da nake tambaya ke nan! Don me?”

Hedimasta ya dubi Malama, Malama ta dubi maigadi. Can matashiyar ta ce, a hankali kamar mai taka ƙwai, “Ai... dokarka ce.”

“Dokar wa?”

“Taka. Haka aka ce mini ranar da na karɓi ajin.”

Ta yi masa bayani, tana yi tana kallon hannunsa. A makarantar, in shekara ta ƙare, malamar da za ta bar aji takan kama hannun wadda za ta karɓa, su tsaya a bakin taga, ta riƙa nuna mata yaran ɗaya-ɗaya. Wancan yana da asma, kada a sa shi shara. Waccan ba ta hango allo, a bar ta a gaba. Wancan iyayensa sun rabu, kada a ba kowa shi sai kakarsa. Da aka zo kan Auta, malamar aji uku ta rage murya ta ce, wannan ba a taɓa ta, ko da wasa, ko da kuskure, kuma kada ki yarda wani abu ya haɗa ki da uban. Ta tambayi dalili, malamar aji ukun ta ce ita ma haka ta karɓa daga malamar aji biyu.

“Ni na ɗauka ciwo ne a ƙashinta,” in ji ta. “Daga baya na ji yara na faɗin wani abu dabam.”

“Me suke faɗi?”

Ta mayar da idonta kan Hedimasta. Hedimasta ya ce wa maigadi ya kira malamar aji ɗaya.

Dattijuwa ce mai tabarau, alli ya yi fari a yatsunta. Mai Aski ya san ta sarai, duk ranar taro sai ya tsaya ya gaishe ta har da ranƙwafawa, yana ce mata uwar Auta ta biyu. Ta shigo, ta gan shi, ta ga almakashin da ke kan gwiwarsa, ta nemi kujerar da ta fi kusa da ƙofa.

“Malama, ki fitar da ni daga duhu,” ya ce. “Yaushe na kafa doka a makarantar nan?”

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. “Baban Auta, da gaske ba ka tuna ba? Lokacin da ta dawo daga jinyar ƙuna, da bandeji a bayanta. Wani yaro ya ɗaka mata duka a baya cikin wasa, ciwon ya buɗe. Muka aika aka gaya maka.”

Ya tuna. Yana tsakiyar yi wa wani aski aka zo da saƙon, ya fita da gudu ko ƙofa bai rufe ba. Ya tuna jinin da ya ɓata bayan rigar, da yadda Auta ta shiɗe don kuka. “Na zo, na ce a kula kada a sake taɓa mata baya sai ta warke. Shi ke nan abin da na ce. Wane uba ne ba zai faɗi haka ba?”

“Ka faɗo mini aji ba sallama,” in ji dattijuwar. “Idonka jawur. Ka ce ina yaron yake. Ka ce duk wanda ya sake taɓa maka 'ya, yaro ne ko babba, zai gamu da kai. Kana faɗa kana nuna su ɗaya bayan ɗaya da almakashi. Tsininsa ya wuce ta nan.” Ta nuna gefen idonta. “Yara 'yan shekara shida. Rabinsu sun jiƙa wando.”

“Almakashi?”

“Yana hannunka, kana buɗe shi kana rufewa.”

“Amma na ce sai ta warke.”

“Wataƙila ka ce. Ni ban ji ba. Ni almakashi nake kallo.”

Ya tuna komawarsa shago a ranar. Mutumin da ya bari da rabin aski yana zaune da ƙyalle a wuya, ya ce masa, to ai sai ka ƙarasa ni tunda ka dawo mini da almakashin. Ya duba hannunsa ya gan shi, suka yi ta dariya su biyu. Har ya sha ba da labarin a shago, labarin ranar da ya yi tsere da almakashi bai sani ba. Mutane na dariya, shi ma yana yi.

“Innalillahi,” ya ce. “Innalillahi. Malama, ni ne fa. Ni da ko kaza...”

Bai ƙarasa ba. Dattijuwar ta ci gaba, tunda bakin ya riga ya buɗe. Washegari iyaye suka cika ofis, wasu na cewa a kira 'yan sanda, wasu na cewa a sallami yarinyar. Hedimasta ya ga ba laifinta ba ne, ya roƙe su, aka tsaya a kan cewa za a ja wa yara kunne kowa ya kiyaye ta. Iyayen yaron da ya yi dukan ba su yarda ba, suka cire ɗansu suka kai shi wata makaranta. Yara suka wayi gari ba su gan shi ba, kuma babu wanda ya yi musu bayani.

“Sai suka yi wa kansu,” in ji matashiyar, kanta a ƙasa. “Suna cewa ka bi shi gida ka yanke masa kunne. Duk ɗan aji ɗayan da ya shigo, da wannan labarin ake tarbarsa.”

Mai Aski ya dafe kai. Abubuwa suka riƙa faɗo masa ɗaya kan ɗaya. A shekarar nan ne yaran makarantar suka daina zuwa aski wurinsa, ya ɗora laifin a kan sabon shagon da ya sa talabijin. Ya dubi maigadi. “Miƙewar da kake yi in na zo?” Maigadi ya sunkuyar da kai yana murza sandarsa. Ya dubi Hedimasta. “Kujerar gaba?”

Hedimasta ya yi gyaran murya. “Don... a riƙa ganin hannunka.”

Da an kwaɗa masa mari da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, ga baƙin ciki, ga wani fushin da ya rasa wanda zai ɗora wa. “Shekara uku,” ya ce. “Ina zuwa nan ina washe muku baki, ina yi muku godiya. A cikinku babu mai ce mini, Malam, ciwon nan ya warke, a ɗage? Kalma ɗaya fa. Ga shagona can, ko yaro kuka tura.”

“Na yi niyya,” in ji dattijuwar. “Ba sau ɗaya ba. In na gan ka kana dariya sai in ce, yau yana cikin daɗin rai, kada in tayar da abin da ya kwanta. Da ta bar ajina kuma sai na ce ai yanzu ba a hannuna take ba.” Ta mayar da tabaranta. “Kuma yarinyar ba ta taɓa kuka da abin ba. Ga ƙoƙari, ga natsuwa. Muka ce ta saba.”

Ya ɗauki almakashin daga gwiwarsa, duk suka ɗauke numfashi. Ya ajiye shi a kan teburin Hedimasta, ya tura shi can tsakiya, ya zaro mataji ma ya ɗora a kai. “Ku kai ni ajin,” ya ce. “Da bakina na ɗaura, da bakina zan kwance. Yanzu.”

Hedimasta ya so a bari sai an shirya yaran, a kira iyaye, a yi abin a tsanake. Mai Aski ya ce 'yarsa ba za ta ƙara ko rabin yini a haka ba. A ransa abin mai sauƙi ne. Shi da yake sa yaro mai tsoron injin aski dariya kafin ya ƙirga uku, ajin 'yan shekara tara ne zai gagare shi?

A baranda ya tarar da Auta zaune a ƙarshen benci, hannayenta a kan cinya. Ya durƙusa gabanta. “'Yar Baba, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?”

Ta dube shi da mamaki. “Me zan gaya maka, Baba? Ai kai ka ce.”

Ya kama hannunta suka bi bayan Malama.

Suna shiga, ajin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Ya yi sallama, muryoyi biyu ko uku suka amsa. Auta ta ɗingisa ta koma mazauninta a layi na biyu. Nan ya ga bencin nata: na mutum uku ne, amma su biyu ne a kai, ita da wata 'yar siririya mai giɓi a haƙoran gaba, an jera jakunkuna a tsakaninsu.

Ya tsaya gaban allo ya yi murmushin da yake yi wa yara a shago. “Kun san ni? Ni ne mai askin bakin tasha. Kai mai ƙaton kan nan, kanka ai sai an biya kuɗin mutum biyu.” Babu wanda ya yi dariya. Yaron ya zame ƙasa a kujerarsa har haɓarsa ta taɓa tebur.

Ya sake gwadawa. Ya ce musu ciwon Auta ya warke tun suna aji ɗaya. Ya ce shi bai taɓa yanke kunnen kowa ba, yaron nan yana nan lafiya da kunnuwansa biyu a wata makaranta. Ya ce daga yau kowa ya taɓa ta, a ture ta, a ja ta, a yi kokawa da ita, in ta yi rashin ji ma a rama. Yana magana yana jin yadda maganar ke faɗuwa ƙasa ba mai ɗauka. Ba fuskarsa suke kallo ba. Idanu talatin da wani abu na bin hannunsa na dama duk inda ya yi, kuma da ya duba sai ya ga babban yatsansa da manuni suna buɗewa suna rufewa a iska, babu komai a tsakaninsu.

Zuciyarsa ta karye. Abu ɗaya yake so ya ji: cewa a shekara ukun nan an samu ko mutum ɗaya da ya riƙe hannun 'yarsa. Sai ya tambaya, da muryar roƙo. “To ku gaya mini gaskiya. A cikinku wa ya taɓa taɓa ta? Ko sau ɗaya. Ina so in san shi.”

Malama ta ɗaga hannu za ta tare shi, amma maganar ta riga ta fita. Sai idanun yaran, ba da son ransu ba, suka zame suka sauka a kan yarinya mai giɓi.

Leɓenta ya yi fari. Ta ɗaga hannu biyu ta toshe kunnuwanta, ta matse su da ƙarfi, wani siririn kuka na fita ta giɓin.

Mai Aski ya yi taku ɗaya wajenta, yana cewa, “A'a, 'yata, ba haka...”

Jakunkuna suka zube ƙasa. Auta ta fito daga benci da gwiwarta mai filasta, ta tsaya a tsakanin ubanta da yarinyar, ta buɗe hannayenta biyu ta tare hanya. Jini ya sake ɓullowa ta ƙarƙashin audugar haɓarta.

“Baba, ni ce,” ta ce. “Ba ita ba ce. Ni nake kama hannunta ta ƙarƙashin benci. Ita har cewa take in bari. Kullum ina wankewa da sabulu kafin in shigo gida don kada ka gane.” Hawaye suka zubo mata, ba ta sauke hannun ta share ba. “Na daina, wallahi na daina. Don Allah Baba, kada ka yanke mata kunne.”

Ita ma ba fuskarsa take kallo ba. Hannunsa take kallo, hannun da ya shafa mata mai a baya da safiyar nan.

Malama ta juya ta fuskanci allo, kafaɗunta na girgiza. A bakin ƙofa dattijuwar ta toshe baki da mayafi. Yarinya mai giɓi ta saki kunne ɗaya, ta damƙi rigar Auta ta baya, daidai kan tabon, ta ɓoye fuskarta a wurin, a gaban kowa.

Mai Aski ya durƙusa a kan simintin ajin. Bakin nan da ba ya hutawa ya nemi kalma ɗaya ya rasa. A hankali, yadda 'yarsa za ta gani, ya mayar da hannayensa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.